Kofin da Ya Ƙi Ɗauka

Ranar Talata matarsa ta faɗi a bakin famfo, ba ta sake tashi ba. Daga ranar mai ɗinkin littattafai ya daina yi wa Allah magana.

Bai daina zuwa coci ba, don a ganinsa marar gaskiya ne ke guduwa. Kowace Lahadi yakan sa rigarsa mai guga, ya zauna a bencin gaba, ya harɗe hannuwa. Ana waƙa bakinsa a rufe, ana addu'a idonsa a buɗe. Duk ran da aka zagayo da tiren Jibin Ubangiji mai ɗauke da gurasa da ƙananan kofuna, sai ya miƙa wa na kusa da shi kamar an ba shi saƙo.

Fasto ya same shi a shago, yana jan zare a bayan wani tsohon littafin waƙoƙi.

"Baba, akwai wata aya da..."

"Na san ta. Ni na ɗinke shafin da take ciki tun kafin a yaye ka. Ba kai ka ce mai gaba da wani kada ya ɗauki kofin sai sun shirya ba? To, ni da Mai teburin ne ba ma ga-maciji. Dokarku nake bi."

Fasto ya tafi yana sosa ƙeya.

Auta, ƙanwar marigayiyar, ita kaɗai ce ba ta shakkarsa. Ranar Asabar ta shigo da fulas, ta ture gwangwanin gam gefe, ta zuba masa shayi.

"Yaya, yaushe za a sasanta? Ko in kira dattawa su zaunar da ku, kai da Shi?"

"Ya san hanyar shagona. Shi ya ɗauki abin mutane ko sallama babu."

"Oho! Ashe Allah ne ya gaji wahalar Yayata. Ana gobe za ta rasu ta kira ni tana ta dariya. Wai ta ɗora tukunya mai zafi a kan sabon bangon littafin da ka yi, ka kumbura, ka daina mata magana. Na ce ki bar shi da yunwa mana, ya ci takarda. Ta ce, 'Ina! Shayinsa zan ci gaba da ajiye masa. Ba sai ya buɗe baki ba. In ya ɗauka, ai an shirya.'"

Allurar ta tsaya a hannunsa. Ya tuna safiyar Talatar: kofi a gefen gwiwar hannunsa yana tururi, shi kuma yana jan aji, yana so ya ƙara ko da awa guda yana gaba da ita. Bai taɓa kofin ba har ya ji ƙarar bokiti a tsakar gida.

"Kin ɗiga min shayi a takarda," kawai ya ce.

Washegari tiren ya iso gare shi. Ya riƙe shi har dattijon da ke rabawa ya yi gyaran murya. Duk watannin nan yana zaune a gaba yana cika yana batsewa, ba a taɓa tsallake layinsa ba. Kofin nan ƙarami yana zuwa, a cike, ba a tambaye shi komai ba.

Ya ɗauka. A zuci ya ce, "Kada Ka zaci an gama magana. Ina da sauran tambayoyi." Sannan ya sha.

Auta ta zungure shi daga baya. "Saura amin, Yaya."

"Kada ki zaƙe."

Da ya koma gida ya sauko da littafin nan mai da'irar ƙuna a bango, wanda bai taɓa gyarawa ba. Ya haɗa shayi da kansa, ya ɗora kofin daidai kan tabon. Shi dai Allah yana nan, za a ci gaba da muhawara. Ita ce bai samu ya gaya mata ba cewa tun ranar Litinin ɗin ya huce, kuma tabon ma bai ɓata littafin ba.