Kujerar da Ta Yi Kuka

Mai gyaran kujeru ne, kuma duk wanda ya ga aikinsa ba ya sake kai kujera wani wuri. Amma a layinsu Guduma ake kiransa, saboda saurin hannu. Shagonsa na gaban gida, cike da soso da yadi da ƙananan ƙusoshi, rediyo na ta zuba tun safe. 'Ya ɗaya gare shi, mai shekara bakwai, ana ce mata Ƙarama. Ita kuma Ƙarama kyanwa gare ta, Toka.

Karin maganar Guduma ɗaya ce tak: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ita yake dukan yarinya in ta zubar da ƙusa, da ita yake jifan kyanwa in ta hau soso. Haka mahaifinsa ya yi masa, ga shi kuwa ya zama mutum, in ji shi.

Ran nan da safe ya tarar Toka ta wasa farce a sabon yadi. Ya rantse yau sai ya ƙunshe ta a buhu ya kai ta inda ba ta dawowa. Ya duba bayan katako, ya leƙa ƙarƙashin keken ɗinki, babu ita babu dalilinta.

"Ke, ina kyanwar nan?"

Ƙarama ta sunkuyar da kai.

"Za ta fito ne. Yunwa ba ƙanwar uwarta ba ce," in ji Guduma.

Aiki na jiransa, doguwar kujerar wata tsohuwar nas, kwance a bayanta, saura baƙin ƙyallen da ake rufe ƙasa da shi. Shi Guduma taƙamarsa ke nan, wai ido rufe yake wannan aiki. Ya cika baki da ƙusoshi, ya ja ƙyalle, kunnensa na rediyo, ƙwas ƙwas ƙwas, ya gama ko leƙa ciki bai yi ba.

Da motar kaya ta zo, sai Ƙarama ta ce, "Baba, zan bi ka."

Abin ya ba shi mamaki, don yarinyar nan ko ruwa ba ta roƙonsa. Ruwa ba ya tsami banza, amma bai tsaya tunani ba. Ta ƙi gaban mota, ta zauna a baya, hannunta a kan kujerar har suka isa.

Tsohuwar nas mace ce mai jiki, ga tabarau a kan hanci, ga murya kamar tana kiran mara lafiya daga ƙarshen ɗaki. Aka ajiye kujera a falo, ta shafa yadin, ta yaba, sannan ta zauna da dukan nauyin da Allah ya ba ta.

"Miyau," in ji kujera.

Tsohuwa ta miƙe da saurin da ta manta tana da shi. "Ɗana, na ba ka kujera kurma, ka dawo min da mai magana?"

"Mama, sabuwar wayar cikin kujera ce, takan yi ƙara."

"Shekara talatin ina sauraron ƙirjin mutane. Wayar nan taka numfashi take yi."

Suka kwantar da kujerar. Guduma ya ɓalle ƙusoshi, ya ɗaga ƙyalle, sai ga idanu biyu can cikin ramin hannun kujera. Toka ce. Ƙusa arba'in ya buga a kanta ɗazu, ko tari ba ta yi ba, don kyanwar da ta saba shan duka ta san amfanin shiru.

Kunya ta rufe shi. Ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya, wallahi sosa ƙeya kawai, sai Ƙarama ta durƙushe ta rufe kai da hannu biyu. Kyanwar ma ta ƙara maƙalewa a lungu.

Tsohuwa ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta cire tabarau.

"'Yar nan, ke kika saka ta ciki?"

"Ni ce. Baba ya ce zai sa ta a buhu. Na ji an ce gidanki za a kawo kujerar."

"To, na karɓi baƙuwa. Nan gidan ba a duka."

Yarinyar ta dubi falon, sannan ta tambaya a hankali, "Mama, wurin kyanwa kaɗai gare ki?"

Guduma ya sha buge ɗan yatsa da guduma, amma bai taɓa jin zafi irin wannan ba. Ya buɗe baki ya fara, "Ai icce tun yana ɗanye..."

"Tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba," tsohuwa ta katse shi. "Kai da ke aikin katako ni zan koya maka? Na ɗaure hannun yara da yawa da aka ce min faɗuwa suka yi. In na tambaya, sai in ji gidan akwai kare mai ɗingishi. Ajiye gudumar nan. Zauna ƙasa. Ka fito min da kyanwa daga kujerata, ba ja, ba tsawa. In ta zo hannunka ku tafi tare. In ta ƙi, yau ina da baƙi biyu, kai kuma ka je ka yi wa uwar yarinya bayani."

Ƙato guda ya naɗe ƙafa a kan tabarmar falo. Ya ce, "Ke, fito!" Toka ta yi masa huci.

"Haka kake kiran mai kawo maka aiki?" in ji tsohuwa. Ta buɗe gwangwanin kifi ta ɗora masa kaɗan a tafin hannu.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a faɗi yadda ƙafa ke sagewa kafin ya nuna ba. Direba ya yi ta danna oda har ya gaji ya shigo kallo. Can dai Toka ta miƙo wuya, ta shinshina, ta cinye kifin tas, sannan don kada a ce ta yafe da arha, ta ja masa farce uku a bayan hannu.

Ƙarama ta runtse ido.

Guduma ya dubi jinin, ya dubi 'yarsa. Hannun ya motsa don ya saba, ya danne shi a kan gwiwa.

"Ta biya kanta," ya ce. "Da saura ma."

Direba ya fashe da dariya, tsohuwa ta tafi ɗauko auduga. Guduma ya yi ƙoƙarin ɗaukar kyanwar, ya kama ta kamar buhun soso, ƙafafu na lilo.

"Baba, ba haka ake yi ba."

Ƙarama ta matso, da farko taku ɗaya, sannan ta kama hannunsa da nata biyu, ta sa shi ƙarƙashin cikin Toka, ta gyara masa ɗayan. Bai tuna ranar da ta taɓa kama hannun nan da kanta ba.

"Gida za mu da ita?" ta tambaya.

"Gida. Amma ke za ki yi mata magana kan yadi, ni ba ta jin tawa."

"Zan zo da wata kujerar ranar Asabar," in ji tsohuwa tana goga masa magani ba tausayi, "kuma 'yar nan da kyanwarta zan duba kafin in duba aikinka. Yanzu tashi ka rufe min wannan. Ka leƙa ciki tukuna."