Gidan Ƙarshen Bututu

Sau huɗu a shekara ake aika ta ɗebo ruwan gwaji daga gidaje goma sha biyu, kuma na ƙarshe a jerin shi ne gidan da aka haife ta. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a matatar ruwan garin. Gidan yana can inda bututu ya ƙare, ruwa kan daɗe a hanya kafin ya isa, shi ya sa aka zaɓe shi. Tun bayan rasuwar Innarsu aka sayar da shi, wata tela ce a ciki yanzu.

Telar ba ta san wannan tarihi ba. Takan buɗe ƙofa ta ce mai kwalabe ta iso, ta koma kan kekenta. Ita kuwa sai ta tsuguna gaban famfon tsakar gida, ta bar ruwa ya zuba minti biyar kamar yadda ƙa'ida ta ce, idonta na kan tagar ɗakin Inna.

Da damina kogi kan kwaso ruɓaɓɓen ganye. In kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta ya haɗu da shi, sai a sami wasu sinadarai da ba a so su yi yawa a ruwan sha. Damina uku a jere, sakamakon gidan nan ya fi na kowa hawa. Ita ta rubuta rahoto, ta dage har aka gyara wurin tacewa.

Bana adadin ya sauka sosai. Shugabanta ya yaba mata, ya kuma ce an cire gidan daga jerin, za a koma sabuwar unguwa.

Ta yi mako biyu abin yana cin ta. Ranar Asabar ta tafi gidan da yadi a leda. Telar ta tambaya ko ruwan ne ya sake ɓaci, ta ce a'a, ɗinki ta kawo. Ana cikin awo maganar ta suɓuce mata.

"A ɗakin nan muke kwana da ƙanwata. Gadonmu yana daidai inda kekenki yake."

Telar ta sauke hannu.

"Baiwar Allah, shekara uku kina tsugune a tsakar gida ba ki faɗa ba? Zauna mana."

Ta zauna har la'asar. Da za ta tafi, telar ta nuna mata wata ƙusa a bayan ƙofa, ta ce ta sha niyyar cire ta, me ake ratayawa a wurin? Ta shafa ƙusar, ta ce mayafin Inna.