Jarka Mai Igiya

Ba mu yi nisa da Goronyo ba motar ta fara shaƙewa. Ta yi tari sau biyu, ta ja jiki kaɗan, sannan ta mutu a fili, inda ko inuwar kara babu. Na murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, amma bai kama ba.

Kawu Mode, ƙanen babana, yana zaune kusa da ni da butarsa tsakanin ƙafafu. Bai dube ni ba, baya ya waiwaya.

A bayan akori-kurar akwai irin albasa, dami a kan dami, an rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Namu irin ruwa ya cinye shi ranar da anka saki ruwan madatsar Goronyo. Wannan shi ne na ƙarshe da Kawu ya samo wajen wani abokinsa, da safen nan anka tuge shi. Baba kuwa ya yi gayya a Kwargaba, mutane za su taru da la'asar a dasa. In irin nan ya dahu a hanya, babu noman rani a gidanmu bana.

"Atiku, mi as same ta?" in ji Kawu.

"Yanzu za ta tashi, Kawu."

Na sake murɗawa, ba ta tashi ba. Ni na dame Baba har ya yarda anka sayi motar nan, tsohuwa, hannu na uku ko na huɗu. Na bar makaranta a aji biyu, na yi tallan rake a Rabah, na yi wata bakwai a gareji a Wurno na gudu, gona kuwa sai an yi da gaske nake leƙa ta. Na ce wa Baba wannan karon zan zauna. Yau ne aikin motar na farko.

Na buɗe bonet ina ƙoƙarin tuna abin da na tsinta a wata bakwai ɗin. Tunda injin yana juyawa da ƙarfi, batir lafiya yake. Saura wuta da mai. Mai kuwa ban ko saka shi a lissafi ba, don da hannuna na ƙara mata rabin jarka kafin mu taso. Na cire wayar fulogi ɗaya, na kusantar da ita jikin ƙarfe, na roƙi Kawu ya murɗa makulli. Tartsatsi ya fito shuɗi, tas. Na kwance fulogan duka huɗu, na goge su da bakin rigata, na mayar. Na buɗe murfin iska na kakkaɓe. Ta juya, ba ta kama ba.

Rana ta take tsaka. Kawu ya sauka ya ɗora tafin hannu a kan buhun sama.

"Sun bushe," ya ce.

Ya ɗauko butar alwalarsa ya yayyafa ruwan a hankali, yana bin gefe-gefe, har ɗigon ƙarshe. Buhun ya shanye kamar ba a zuba ba. Ya ɗaga gefe ɗaya, na ga ganyen sama ya kwanta, launinsa ya fara komawa na dafaffen yakuwa. Na fara tunanin wanda ya sayar mana da motar ya cuce ni, injin ya gama aiki, kuma kowa a Kwargaba zai ce dama an faɗa.

Na murɗa sau uku a jere. A na ukun sai na ji juyin ya yi nauyi.

"Bari hakanan, direba, za ka kashe batir ka ƙara wa kanka aiki."

Wani mutum ne a kan babur, da hular kwano da akwatin sufana a ɗaure a baya. Kawu ya gane shi. Malam Simeon ne, mutumin Zuru, mai gyaran injunan ban ruwa na ma'aikatar madatsa.

"Baba Mode, yau kai da ƙaton jirgi? Ina jakin?"

"Jakin na gida shina dariya," in ji Kawu. "Taimaka muna, Malam. Iri na a baya."

Malam Simeon ya leƙa buhunan, murmushinsa ya ragu. Ya tambaye ni abin da na duba, na faɗa masa.

"Wuta akwai, iska akwai. Mai fa?"

"Akwai mai. Ni na zuba."

"Ban ce babu a tanki ba. Yana isowa?"

Ya zare tiyon da ke kai mai cikin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, ya saka bakinsa a wata tsohuwar kwalba, ya ce in murɗa sau ɗaya kawai. Na murɗa, tiyon ya tofa. Raina ya ɗan kwanta, tunda famfon mai yana aiki. Shi kuwa ya ɗaga kwalbar saitin rana ya daɗe yana kallo.

"Miƙo hannunka."

Ya zuba mini kaɗan a tafi. Fetur in ya taɓa fata sanyi yake yi ya tashi nan take. Wannan ya zauna a tafina, yana ƙyalli, bai tafi ko'ina ba.

"A ina ka sayi man nan?"

"Ban saya ba. Na injin ban ruwanmu ne, na ɗauko a bukkar gona da asuba."

Kawu ya juyo gaba ɗaya. "Wace jarka?"

Na jawo ta daga bayan kujera inda na cusa ta. Rawaya ce, da doguwar igiya a ɗaure a hannunta. Na ji daɗin igiyar ma da safe, don da ita na rataya jarkar a kafaɗa.

Kawu ya dubi igiyar, ya dube ni.

"Ɗan nan, jarka mai igiya ita aka jehawa rijiya. Da ita muka ɗura ma inji ruwa kahin ya ja. Ta mai ba ta da igiya, tana cikin rami ƙarƙashin kara. Ko ɗiyan goye sun san wanga a fadama."

"Na sansana, Kawu. Warin fetur take."

"Duk jarkar fadama warin fetur take," in ji Malam Simeon. "Da mai aka sayo su. Ruwa ya fi mai nauyi, ya sauka ƙasan tanki, shi famfo ya fara ja. Motarka lafiya lau, shayar da ita ka yi."

Na ce ko a zuba sauran ruwan jarkar a kan buhunan. Kawu ya sansana ya girgiza kai, ya ce inji na shan wannan, albasa ba ta sha.

"Wanke tanki aikin awa biyu ne," in ji Malam Simeon, "ba ku da su."

Ya kwance ƙaramin noti a gindin kafireta, ruwan ciki ya tsiyaye. Ya toshe tiyon tanki. Ya ciro galan daga akwatinsa, ya tatsi man babur ɗinsa har ya kusa cika shi, ya zura wani siririn tiyo daga galan zuwa kafireta. Sai dai dole galan ya fi injin tsawo kafin man ya gangaro. Munka duba abin ɗauri, babu. Kawu ya kwance igiyar jarkar ya miƙa masa. Da ita anka ɗaure galan a kan rufin motar.

"Sau biyu batir ɗin nan zai ba ka, watakila uku. Kada ka taka totur da yawa."

Na yi bisimilla na murɗa. Ta juya a hankali, ta yi shiru. Na sake. Ta yi tari, ta tofar da farin hayaƙi, ta girgiza kamar za ta mutu, sannan ta kama.

"Tafi, kada ka tsaya gode mini," ya ce. "In ka ga mai sayar da mai a hanya ka ƙara a galan, ba a tanki ba."

Duk hanyar Kawu hannunsa yana waje yana riƙe da tiyon kada iska ta fizge shi. Kowane rami na shiga sai na ji kamar galan ya faɗo.

Mun isa bayan an sallame la'asar. Wasu 'yan gayyar sun gaji sun tafi, saura mutum tara a bakin kwamin da za a dasa irin. Baba ya yaye buhunan da kansa. Damman sama sun dahu, ya ɗebe su ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa gefe. A layi na uku ya tsaya, ya zaro ƙwaya ɗaya, ya murza wuyanta da yatsa. Da ƙarfinta.

"Za ya yi kashi biyu cikin uku," ya ce wa mutanen. "Bisimilla, ku shiga."

Kawu ya matsa kusa da shi ya yi magana ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗaga kai ya dubi galan a kan rufin motar. Ya je ya kwance igiyar, ya mayar da ita hannun jarkar, ya ƙulla sau biyu, ya miƙo mini.

"Inji na jira. Tahi rijiya ka ciko ta."

Na tuɓe takalmi na shiga laka.