Kofin Gahawar Orval

"Ƙara ɗaure notin nan, Delmar. Daga nan ina jin bai zauna ba."

Delmar yana kwance a ƙarƙashin motar, tsakuwa na sukar bayansa. Ya ce, "Daga kan kujera kake jin noti? To sauko ka ɗaure da kanka mana, tsoho."

Orval ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Robar iskar da ke hancinsa ta zame, ya mayar da ita. Delmar ya ƙara ɗaure notin.

Maƙwabta ne a sansanin motocin tafi-da-gidanka da ke bayan garin Yuma, inda tsofaffin arewacin ƙasar ke gudowa daga sanyi kowace shekara. Yanzu zafi ya kunno kai, kowa na naɗe rumfarsa yana kama hanya. Shi kuwa Orval, tun da likita ya faɗa masa gaskiyar huhunsa, ya ce asibiti ta gan shi gani na ƙarshe. Ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ƙarar a kan mota. Aka sa sababbin shokazoba, aka ɗaura sandar ƙarfe mai kauri da ke hana ta tangaɗi, aka kai ta sikelin tireloli aka auna, aka rage wa tayoyi iska daidai nauyinta. Duk wanda ya tambaya sai ya ce bayansa ke ciwo. Delmar ya san ƙarya yake yi.

Maganar ita ce Bernadine, matar Orval, ba ta tuƙa motar. Haka yawancin matan sansanin suke, miji a sitiyari, mata a gefe tana faɗa masa ya ɓata hanya. Sau ɗaya ta gwada, wata tirela ta wuce, iskarta ta tura su har bakin rami, tun ranar ta rantse. Motar nan kuwa ita ce gidansu, na ƙasa sun sayar tuni. In Orval ya tafi, ko dai Bernadine ta tuƙa ta zuwa wurin 'yarsu a Dakota, can arewa, ko ta zauna zafin Yuma ya gasa ta a cikin gwangwani.

Da hantsi aka gama. Orval ya cika kofi da gahawa kusan baki, ya ɗora a kan murfin injin da ke tsakanin kujerun gaba. Gwajin 'yan sansanin ke nan, in kofi ya zube, aiki bai yi ba.

"Uwargida, hau," in ji shi. "Ni jiri nake ji, Delmar kuma ya murɗe hannu."

Delmar ya yi maza ya dafe hannun da lafiyarsa ƙalau.

Bernadine ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Tsofaffin banza. Ko ƙarya ba ku iya ba." Amma ta hau, ta ja kujerar gaba har ƙafarta ta kai birki.

Delmar ya zauna a bayan Orval. Da suka hau babban titi sai ga iska tana kaɗa ciyayi, Delmar ya dubi kofin. Shi ya ɗaure kowane noti. In motar nan ta yi tangaɗi yau, ba mai sake ɗora matar nan a kujerar nan har abada.

"Kada ki yi kokawa da sitiyari," in ji Orval, yana tsinka maganar da numfashi. "Riƙe shi a hankali. Kuma idonki a titi, ko tari na yi kada ki kalle ni."

"Orval, ga tirela nan a madubi," in ji Bernadine.

"Bar ta ta zo."

Tirelar ta taho da ruri, ta cika tagar hagu. Bernadine ta ƙanƙame sitiyari. Motar ta ɗan gusa kamar an taɓa mata kafaɗa, ta koma layinta. Gahawar ta yi rawa, ba ta tsallake baki ba.

"Shi ke nan?" Bernadine ta saki ihu. "Abin da ya hana ni barci shekara da shekaru ke nan?"

"Shi ke nan, yarinya," in ji Orval.

A gaba ana gyaran titi. An jera shingen kankare hagu da dama, hanya ta tsuke, babu wurin raɓewa. A nan Delmar ya ga hannun Orval ya sulale daga kan kujera, kansa ya jingina da gilashi. Ya miƙa hannu a ɓoye ya kama wuyan hannun maƙwabcinsa. Ya jira, ya sake jira, bai ji bugun jini ba. Wata tirelar kuma tana bin su a baya kamar za ta hau su.

"Ka gani, tsoho? Ko ɗigo!" in ji Bernadine. "Orval?"

Ihu ya taso wa Delmar har maƙogwaro, ya haɗiye shi. Bai taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

"Ya gani," ya ce. "Idonki a titi, Bernadine."

"Me ya sa ya yi shiru?"

"Akwai wurin tsayawa in an wuce shingen nan. Kai mu can."

Ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma waiwaya ba. A madubi Delmar ya ga hawaye na bin haɓarta, hannayenta biyu na nan a kan sitiyari, riƙon nan na hankali da aka ce ta yi. Ta fita daga tsukin, ta kunna sigina, ta sauka gefe, ta taka birki a sannu har motar ta tsaya ba tare da ta girgiza ba.

Ta kashe injin. Sai a lokacin ta juya ta dubi mijinta, ta gyara masa robar hanci da ta sake zamewa.

"Bai zube ba, Orval," ta ce.

Tireloli na ta wucewa a waje. Kofin na nan a tsakanin kujerun biyu, cike, ɗan tururi na tashi daga cikinsa.