Kwana Biyu a Tashar Mokpo

Jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Gageo bai tashi ba ranar Alhamis, bai kuma tashi ranar Juma'a ba. Cikin fasinjojin da suka yi cirko-cirko a tashar Mokpo har da Pyo Eun-hwa, ma'aikaciyar gidan waya mai shekara talatin da tara. Hutun kwana biyu ta ɗauka don ta je wurin mijinta a ranakun da likita ta ce za ta iya ɗaukar ciki. A kan bencin tasha ta cinye su.

Mijin, Seok Jae-gon, malamin lissafi ne. Shekara biyu ke nan da aka tura shi koyarwa tsibirin, tafiyar awa huɗu a teku, jirgi ɗaya a rana. Yakan iso gida Asabar da la'asar, ya koma Lahadi da safe.

Eun-hwa kuwa al'adarta ba ta saɓa kwana ashirin da takwas, mako huɗu cif. Wata goma sha takwas ta yi tana auna zafin jikinta kullum kafin ta sauko daga gado, tana rubutawa. Takardar ta nuna abu ɗaya: ƙwanta ranar Juma'a yake fita, kowane wata. Asabar da yamma an makara. Lahadin da ta gabata kuma ta yi wuri. Likita ta taɓa yaba mata, ta ce jikinta kamar agogo. Eun-hwa ta ce ai matsalar ke nan.

Akwai kuma wata matsalar. Shekara uku da suka wuce ciki ya zauna mata a wajen mahaifa, aka yi tiyata aka cire bututun ƙwai na dama. Ranar Talata hoton asibiti ya nuna ƙwan wannan wata a hagu yake, karon farko cikin wata huɗu.

"Alhamis da Juma'a," in ji likitar. "Kada ki jira Asabar."

Da ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis ta shiga banɗakin tasha da tsinken gwajin fitsari. Layi biyu suka fito, duka sun yi duhu, alamar ƙwan ya kusa fita. Da ta fito, allon sanarwa ya canza: iska mai ƙarfi, igiyar ruwa mita huɗu, an hana kowane jirgi fita.

Wata tsohuwa 'yar tsibirin, Iya Gong, da ta zo a duba mata gwiwa, ta matsa mata wuri.

"Ke ba matar malamin lissafi ba ce? Mai dogon wuyan nan?"

"Ni ce, Iya."

"Ranar Alhamis? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ziyara ce kawai."

Tsohuwar ta dubi 'yar jakar da ke cinyarta, ta dubi fuskarta. "Ziyara. Ni ma na yi irin wannan ziyarar, 'yar nan, sau biyar, yaran duk sun yi aure yanzu. Namu mazan teku suke tafiya wata guda, ranar da suka dawo ita ce ranar. Ku kuma kun sa wa abin kalanda."

"Ba ni na sa ba, Iya."

Tsohuwar ta ɓare dafaffen ƙwai ta miƙa mata rabi.

Da tsakar rana Jae-gon ya kira daga bakin gaɓa. Iska tana cinye rabin maganarsa.

"Na je wurin masunta uku. Sun ce ko ubansu ne ke mutuwa a Mokpo ba mai kwance igiya yau."

"To, Malam, sai ka lissafa mana."

"In faɗa ruwa in yi iyo?"

"Kai da jirgi ma ke sa ka amai? Zauna inda kake."

"Gobe za ta lafa, uwargida. Tsofaffin nan sun ce za ta lafa."

Ba ta lafa ba. Ranar Juma'a Eun-hwa ta sake zuwa da jakarta, ta zauna a benci guda. Wajen ƙarfe goma ta ji ɗan tsunkuli a mara, gefen hagu, irin wanda takan ji lokacin fitar ƙwai. Ta duba agogo, ta rubuta lokacin a bayan tikitin jiya. Mai sayar da tikiti ya ce mata su ma allon suke kallo. Ta kira asibiti ta tambaya ko akwai maganin da zai jinkirta abin kwana ɗaya. Nas ta ce yanzu kam babu.

Asabar da safe ma'aunin zafin jiki ya nuna 36.8. Jiya 36.3 ne. A takardarta, tashin zafi irin wannan yana nufin ƙwan ya riga ya fita. Teku ta kwanta luf, aka buɗe ƙofar shiga jirgi ƙarfe takwas saura kwata.

Jae-gon ya ce ta zauna a gida, ai jirgin da zai kai ta shi zai dawo da shi da yamma. Ta ce in ta je da kanta za ta rage awa biyar. Ta riƙe wa Iya Gong kaya suka shiga tare.

Ta sauka a Gageo ƙarfe goma sha biyu da kwata, awa ashirin da shida bayan tsunkulin. Likitar ta ce ƙwai ba ya wuce yini da kwana bayan ya fita, amma tsunkuli ba ya nuna ainihin lokacin fitarsa. Ta kuma ce sai a jira mako biyu kafin a san ko ciki ya shiga. Gefen da zai ba da ƙwan wata mai zuwa kuma, ba za a sani ba sai an sake hoto.