Waken Inna Zara'u Ya Sha Ruwa

Duk wanda ya zauna Tasawa ya san halin pompo: ruwa ya tahi ba sallama, ya dawo ba sallama. Shi ya sa mata ke barin shi buɗe da bokiti ƙarƙashi, don su ji saukarsa. Ramla, matar Mushe Alamin mai koyarwa a lakwal, ta koyi wannan dabara. Abin da ba ta koya ba shi ne, mai fita kasuwa rufewa take yi.

Tun da suka kama haya gidan Inna Zara'u, matan gida ke yi mata gaisuwar baƙi. "Sannu, Madam," shi ke nan. Ba mai aikenta, ba mai aron ludayinta. Abin na cinta a rai ƙwarai.

Ranar nan ta dawo daga kasuwa ta iske madafarta ta zama tabki. Ruwa kuwa ba shi da kunya. Ya bi gindin bango ya ɓulla ɗakin ajiyar Inna, inda buhunan waken da ƙaninta ya aiko daga Attantane suke jingine. Waken ya sha ya ƙoshi, har wani buhu ya yage.

Yau kam sai kora! Ramla ta durƙusa bakin ƙofar Inna.

"Inna, ni ce. Na bar pompo buɗe."

Tsohuwa ta dumbuzo waken, ta murza.

"Ke wace irin sakarya ce? Kai gare ki ko ƙwarya? Tashi min nan! Wake jiƙaƙƙe ba ya jiran kuka. Ɗauko turmi!"

Kafin la'asar gida ya kaure da surfe. Safi, maƙwabciyar Ramla, ta kai niƙa, wasu na shanya abin da zai shanyu bisa tabarmi, Inna ta ɗora kasko. Ƙosai, alala, har unguwa ta samu sadaka. Buhu guda dai ya tahi, ba makawa, kuma bango sai an yi mishi sabon yaɓe.

Ramla na surfe, hannu ya yi kanta, faɗan Inna na sauka ba hutu. "Miƙo gishiri! Ba haka ake buga ƙullu ba, ɗiyar nan, wa ya rene ki?" Safi ta yi mata laƙabi, Sarauniyar Ruwa, mata suka bushe da dariya, ita ma ta yi.

Da Mushe Alamin ya dawo ya ji labari, ya ce bari ya je ya ba tsohuwa haƙuri, ko ta sassauta faɗan.

Ramla ta riƙe mishi riga. Gari ya yi mata fari a goshi, fuskarta cike da murna.

"Don Allah bar ta. Tun da na baro gidanmu ba wanda ya yi mini faɗa sai yau."