Koren Ƙwai a Kwandon Mama Saveta

A ƙauyen mijina, can cikin duwatsun Bukovina, amarya ba ta zama 'yar gida sai ƙwan da ta zana ya shiga kwandon Ista. A harabar coci ake yaye ƙyallen da aka rufe kwandon da shi, matan gari su yi caa a kai, idonsu kamar na shaho. Ni kuwa 'yar bakin teku ce, ban taɓa riƙe tsinken zane ba. Ƙwan agwagwa nawa na fasa? Kar ma a tona. Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin bikin Ista, ƙwai ɗaya tak ya rage mini.

"Buɗe kunnenki, Domnica," in ji surukata Mama Saveta. "Ki yi zane da kakin zuma, inda kaki ya rufe rini ba ya taɓawa. Rawaya da farko, sai ja, sai baƙi. Daga mai haske zuwa mai duhu, ba a komawa baya. In kika kwaɓa, kwandona ba juji ba ne."

Na yi zanen ganyaye, na tsoma a rawaya, ya fito kamar gwaiduwa. Daɗi ya kama ni har na taka rawa. Sai idona ya faɗa kan tukunyar shuɗin da take rina ulu. Shuɗi fa, launin tekun garinmu! Tana juya baya na rufe 'yan wurare da kaki, na tsunduma shi ciki.

Na ɗago shi da cokali. Wayyo Allah, kore shar!

"Gavril! Zo ka gani, tukunyar nan ta yi mini sihiri!"

Mijin nawa ya leƙo, ya bushe da dariya har da riƙe ciki. "Sarauniyar gaggawa! Rawaya ta auri shuɗi, me kike so su haifa, ɗan maraƙi?"

Haushi ya sa na nufi tukunyar ja don in ɓoye ɓarnar. Mama Saveta ta cafke hannuna.

"Kul! Ja a kan kore laka yake bayarwa. Tunda kin tsoma baki a miyar, sai ki shanye. Rufe ganyayenki da kaki, ki sa a baƙi."

Na bi umarni. Ƙwai ya fito baƙi ƙirin, duk kurajen kaki, abin ƙyama. Na kara shi kusa da murhu, kakin ya fara narkewa, na goge da tsumma. Kai! Fari ya leƙo, rawaya ta biyo, sai ga ganyaye kore suna sheƙi cikin baƙin kamar an yi musu ruwan sama. Na yi ihu har kare ya amsa daga waje.

Mama Saveta ta karɓa, ta juya shi a gaban taga, ta sake juyawa. Ni dai na kafe ta da ido.

"Mu nan ɗiga kore muke da tsinke, kullum ya fito a koɗe," ta ce. "Taurin kai ma da ranarsa."

Ta ɗauke nata ƙwan daga saman kwando, ta ɗora nawa a gurbin.

"Ranar Lahadi ke za ki yaye ƙyallen, 'yata. Ni ina so in tsaya gefe in kalli fuskokinsu."